Yadda Ake Zaɓen Kayan Yin Allon Hanya da na Fakin Mota a Sakkwato

Allon hanya abu uku ne a haɗe: farantin da ke ɗauke da alamar, fuskar da direba ke gani, da ƙafar da ke riƙe da su. Yawancin masu ba da wannan aiki a garin nan, ko kwamitin masallacin Juma'a ne, ko shugaban makaranta, ko mai gidan mai, ko ƙungiyar unguwa da ta gaji da masu gudu a layinta, hankalinsu yana kan faranti ne. Su ƙwanƙwasa shi, su ji nauyinsa, su ce wannan zai yi ƙarko. Ba su cika tambayar abin da za a manna a kansa ba. Ni kuwa a ganina nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin su tafi, domin allon da ba a gani bayan magariba bai tsare ran kowa ba, ko da zai shekara talatin a tsaye. Ga yadda ake bi daki-daki.

Da farko, san hanyar wa ce

Idan cikin harabarka ne, kamar filin fakin na asibiti ko na filaza, ikonka ne. Idan kuwa a bakin titi za a kafa, sai ka nemi izni. Manyan hanyoyi irin ta Gusau, da ta Illela, da wadda ta bi ta Boɗinga zuwa Tambuwal na gwamnatin tarayya ne, na cikin gari kuma galibi suna hannun jiha. Ka leƙa ofishin Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda ke wannan aiki tun 1988, su nuna maka siffar da ta dace. Alamar gargaɗi mai kusurwa uku ce da jan baki. Ta hani da'ira ce mai jan baki, ta umarni da'ira ce shuɗiya, ta bayani mai kusurwa huɗu ce, ta tsayawa kuma ja ce mai gefe takwas. Wurin da aka yarda a yi fakin ana nuna shi da shuɗin allo mai farin harafin P. Kada ka bar mai zane ya ƙirƙiro maka tasa siffar don ta fi kyau. Direban da ya shigo daga Ƙwanni da Faransanci a bakinsa ba zai karanta rubutunka ba, amma siffa da launi ya san su tun daga gida.

Na biyu, je ka tsaya a wurin

Ka je sau ɗaya da la'asar, sau ɗaya bayan isha. Ka duba ina allon zai fuskanta, da irin motocin da ke bi, da gudun da suke yi, da ko akwai fitilar titi ko babu. Ka kuma duba ko wuri ne da ido ke kansa dare da rana, ko kuwa gefen gari ne da ƙafa ke ɗaukewa da wuri.

Dalilin wannan tsayuwa shi ne abokan gaban allo a Sakkwato ba irin na Legas ko Fatakwal ba ne. Can tsatsa ce babbar matsala saboda laima da gishirin teku. Mu nan daminarmu gajeriya ce, wata huɗu ko ƙasa da haka, don haka tsatsa tana zuwa a baya. Wanda ke gaba shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, farantin da ke tsaye a tsakar rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, har ba ka iya ɗora masa tafin hannu. Sai ƙurar hunturu da ke lulluɓe fuska tana kuma goge ta a hankali. Sai iskar farkon damina, wadda ke yaye rufin kwano balle allo. Na huɗu shi ne hannun mutum: mai kwancewa ya kai wa 'yan gwangwan, da mai manna fastar ɗan takara. Duk abin da za ka zaɓa, ka auna shi da waɗannan huɗu.

Na uku, zaɓen faranti

Alminiyam shi ne abin da ake yin allunan hanya da shi a yawancin ƙasashe, kuma da dalili. Ba ya tsatsa, zafi ba ya lanƙwasa shi, sitika mai haske tana kama shi sosai, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Ga allo mai faɗin santimita 60 zuwa 75, nemi kaurin milimita 2. Idan ya kai santimita 90 ko ya wuce, ko dai a ƙara kauri zuwa milimita 3, ko a ɗaura masa haƙarƙari a baya. Ƙaramin allon fakin da za a liƙa a jikin bango, milimita 1.5 ya ishe shi tunda bango ne zai tare masa iska. Idan mai sayarwa ya san lambar kayansa, nau'in 5052 da 6061 su ne aka saba yin allo da su.

A nan ake yawan cutar mutane, domin ido ba ya bambance milimita 1 da 2 idan an riga an manna sitika. Hanya mai sauƙi ita ce sikeli. Farantin alminiyam mai santimita 60 tsawo da faɗi, kaurin milimita 2, nauyinsa ya kusa kilo 2. Idan ka ɗora ka ga kilo ɗaya, rabin kaurin aka ba ka. Ka kuma tafi da maganaɗisu a aljihu: ba ya kama alminiyam, idan ya manne to ƙarfe ne aka shafa wa fenti ruwan azurfa. Za ka ji mai shago na cewa, "Alhaji, wanga na da kyau, shi kowa ka saye." Ba sai an yi gardama ba. Ka ce masa, "To Malam, aza muna shi ga sikeli mu gani." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Aibin alminiyam ɗaya ne, kuma babba ne a wurinmu: yana da kuɗi a hannun 'yan gwangwan, masu narka shi su zuba tukunya suna nemansa kullum. A ƙofar banki ko cikin harabar da ke da maigadi ba damuwa. Amma a hanyar bayan gari, ko kwanar da babu gida kusa, kafa tsantsar alminiyam da noti na yau da kullum kamar ajiye nama ne a gaban kura.

Ga irin waɗannan wurare akwai mafita biyu. Ta farko ita ce farantin nan da ake lulluɓe gaban shaguna da gidajen mai da shi, wanda aka fi sani da sunan Alucobond. Siraran alminiyam ne guda biyu da roba a tsakiya, kaurinsa duka milimita 3 ko 4. Shafaffe ne, ba nauyi, ba ya tsatsa, kuma ba shi da wata daraja a wurin mai narkawa tunda yawancinsa roba ce. Ka nemi mai milimita 4 wanda fatar alminiyam ɗinsa ta kai milimita 0.3 ko fiye, don akwai mai araha da fatarsa ba ta fi takarda ba, wanda ke rabuwa daga baki idan ya sha zafi. Rauninsa yana wurin huda: iska tana iya yage shi daga kan kusa, saboda haka dole a ɗora shi kan firam, a kama shi da ribit da yawa, kada a rataye shi da kusa biyu. Ta biyu ita ce farantin ƙarfe mai rufin zinki, wato galbanayiz, kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5. Yana da nauyi, yana jure duka, ana iya yi masa walda a jikin ƙafa yadda cire shi sai da wahala. Sai dai duk inda wuta ta taɓa ko aka yanka, zinkin ya ƙone, dole a bi wurin da jan fenti mai hana tsatsa. Mai waldar kuma ya yi aikin a fili, hayaƙin zinki yana sa zazzaɓi.

Baƙin ƙarfe da fenti shi ne abin da mai walda zai fara kawo maka saboda shi ke kusa da hannunsa. Zai yi aiki a allon cikin gida idan an kankare shi, an sa fentin ƙasa kafin na sama. Amma tsatsa tana farawa daga baki da ramukan kusa, ta bi ƙarƙashin sitika ta ɗaga ta. Ban ga amfanin manna sitika mai tsada a kansa ba.

Sauran kuwa a taƙaice. Farar robar nan mai kumfa da masu buga hotuna ke amfani da ita tana fara laushi tun wajen digiri 60, a ranar Afrilu sai ka ga ta yi ciki ta karkace. A bar ta a cikin ofis ko ƙarƙashin rumfa. Gilashin roba yana da kyau a ido amma dutse ɗaya ya fasa shi, yana kuma buɗewa da zafi, mita ɗaya kan ƙaru da kusan milimita 3 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, shi ya sa yake tsagewa a wurin kusa idan ba a buɗa ramin ba. Katako abincin gara ne. Bana ta leda ta taron kwana biyu ce, kamar jagorantar motoci ranar Idi ko ɗaurin aure, kuma a nan ta yi daidai.

Na huɗu, fuska

Fenti, komai kyansa, ba ya mayar da haske. Sitikar kanti mai launi ma haka. Abin da ake buƙata shi ne sitika mai mayar da hasken fitila zuwa inda ya fito, wato zuwa ga direba. Iri biyu ce a asali. Tsohuwar ƙira tana da ƙananan ƙwayoyin gilashi a ciki, idan ka duba ta kusa galibi za ka gan ta sumul ba zane. Sabuwar ƙira tana da dubban ƙananan kusurwoyi, kana ganin zanen saƙa ko layi-layi a jikinta, kuma haskenta ya ninka na farkon sau da yawa.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne na Amurka mai lamba ASTM D4956, wanda ya kasa su aji-aji. Aji na I, wanda 'yan kasuwa ke kira injiniya, shi ne mafi araha, kamfanoni kan ba shi kimanin shekara 7. Aji na III da na IV su ne masu ƙarfin haske, ana ba su kimanin shekara 10. Aji na XI shi ne ƙololuwa, irin wanda kamfanin 3M ke sayarwa da sunan Diamond Grade, ana ba shi har shekara 12. Waɗannan shekaru lissafin masu ƙerawa ne, kuma ranarmu ta fi ta ƙasashensu zafi, don haka ka sa a ranka ba lallai su cika ba, musamman allon da ke kallon yamma yana shan ranar la'asar kai tsaye.

Ga yadda nake rabawa. Filin fakin, harabar makaranta, layin unguwa inda mota ke tafiya a hankali: aji na I ya wadatar, ƙarin kuɗi a nan asara ce. Titunan cikin gari masu cunkoso irin na Ahmadu Bello ko na Abdullahi Fodiyo, da shataletale, da gaban makarantar da yara ke tsallaka titi: aji na IV, domin allon yana gasa da fitilun shaguna da na motocin da ke tahowa. Hanyar da manyan motoci suka fi bi, kamar ta Kalambaina inda tireloli ke ɗaukar siminti, ko kwana mai haɗari a hanyar Illela: aji na XI idan aljihu zai ɗauka, in ba haka ba kada a sauka ƙasa da na IV. Dalilin yana da kyau a fahimce shi. Sitikar tana mayar da haske ne kusa da fitilar da ta haska ta. Mai ƙaramar mota da ɗan kabu-kabu idonsu na kusa da fitilarsu, suna samun hasken sosai. Direban tirela yana zaune can sama, fitilarsa na ƙasa, kaɗan ne ke isa idonsa, ga shi kuma shi ne ya fi kowa buƙatar nisa kafin ya tsaya. An ƙera aji na XI ne don ya baza hasken ya kai gare shi.

Akwai kuskuren da na sha gani, har a allunan da aka kashe wa kuɗi. A sayi sitika mai kyau fara, sannan a bi ta da jan fenti ko a buga mata tawada mai kauri. Da rana lafiya lau. Da dare sai jan ya koma baƙi, domin fentin ya toshe hasken. Na taɓa tsayawa gaban wata makaranta da dare na haska allon da aka kafa don yara: tsakiyarsa na walƙiya, jan bakin kuwa ya ɓace ɗungum, ba ka cewa mai kusurwa uku ne. Kowane launi ban da baƙi dole ya zama mai haske da kansa. Ko dai a yanko jar sitika mai haske a ɗora, ko a yi amfani da leda mai launi wadda haske ke ratsawa, ko tawadar da aka yi don wannan aiki. Baƙi kaɗai ne aka yarda ya zama na sitikar yau da kullum. Ja kuma shi ke fara koɗewa a rana, saboda haka idan bugawa za a yi da inji, a tabbata an rufe da leda mai kare hasken rana. Akwai irin wannan leda da gam ba ya kama ta sosai, tana sauƙaƙa ɓare fasta lokacin siyasa.

Jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Sunayen da aka sani su ne 3M, Avery Dennison da Oralite, kuma kayansu na ainihi kan zo da tambari a takardar baya ko wata alama a cikin fuskar. Ka nemi a nuna maka nadin kafin a yanka. Ka karɓi ɗan ƙyalle, ka manna a bango, ka dawo da dare ka ja baya taku talatin ko arba'in, ka riƙe fitilar waya a gefen idonka, ba a ƙugu ba. Idan akwai samfuri biyu ka jera su. Idonka zai gaya maka gaskiya kafin mai shago ya buɗe baki.

Mannawa ma aiki ce. A wanke faranti a cire maiƙo, a ɗan goge shi da lallausar takardar yashi, a share ya bushe. A manna a cikin ɗaki, ba a bakin titi inda ƙura ke tashi ba, domin duk ƙwayar da ta shiga ƙarƙashi za ta zama kumburi. Kada a manna kan farantin da ya sha rana, kada kuma a yi da sanyin safiyar hunturu. Gam ɗin yana son ɗumi daga digiri 18 zuwa sama. A bi da abin dannawa daga tsakiya zuwa baki, a yanke bakin tsaf don kada iska ta sami wurin kamawa.

Na biyar, girma da rubutu

A cikin gari santimita 60 shi ne gwargwado, a babbar hanya 75 zuwa 90. Ga rubutu, ƙa'idar da aka saba ita ce kowane santimita 2.5 na tsayin harafi ana karanta shi daga nisan mita 9. Harafi mai santimita 10 ke nan ana ganinsa daga mita 36. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato direba yana da ƙasa da daƙiƙa uku. Me zai karanta a daƙiƙa uku? Kalma uku ko huɗu. "An hana fakin" ya isa. Sunan wanda ya ba da kyautar allon a mayar da shi baya. A harabar masallaci ko kasuwa, inda mutane ke tafiya a hankali, ƙara layi ɗaya da ajami yana da amfani, don akwai dattawa da yawa da shi suka fi karantawa.

Na shida, ƙafa da kafawa

Ka tuna girman allo yana ƙara wa ƙafa aiki. Da'ira mai santimita 90 tana tare iska fiye da ninki biyu na mai 60, idan kuma gudun iska ya ninka, ƙarfin da take bugawa da shi yana ninkawa sau huɗu. Bututun galbanayiz mai inci 2 ya riƙe ƙaramin allo, babba yana son inci 3 ko ƙafa biyu. Ka duba kaurin bangon bututun daga bakinsa, kada ya gaza milimita 2, a kuma toshe samansa don ruwa kada ya taru a ciki ya ci shi daga gindi.

A haƙa rami mai zurfin santimita 60 aƙalla, inda yashi ya yi yawa a kai 75 ko fiye. A yi wa gindin bututun walda da guntun rodi a gicciye, don kada a juya shi ko a zare. Kwaɓin kankare: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A ɗaga samansa ya ɗan yi tudu don ruwa ya gangare, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, saboda zafinmu yana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi. Idan da hali a bari ya kwana biyu kafin a ɗora faranti. Inda mutane ke wucewa ta ƙasa, gindin allo ya kai mita 2.1 daga ƙasa. Hakan yana kare kan mai tafiya da na mai ɗauke da kaya, yana kuma nisanta shi da hannun yara. A kawar da fuskar kaɗan daga titi, digiri uku zuwa biyar, don kada ta yi wa direba walƙiyar madubi. Kusoshi su zama galbanayiz ko ƙarfe marar tsatsa, da washa ta roba tsakanin kan kusa da sitika don kada ta murɗe ta. Bayan an ɗaure, a ɗiga walda a kan kowane noti, ko a yi amfani da ribit.

Karɓar aiki

Kada ka biya cikon kuɗi da rana. Ka shiga mota bayan isha, ka taho daga nesa da ƙaramar fitila, ka ga daga ina allon ya fara bayyana, kuma ko launukansa na dare su ne na rana. A rubuta ranar kafawa da ajin sitika a bayan faranti, tare da sunan mai shi da manyan haruffa, wanda ke sa mai sayen gwangwan ya yi tunani kafin ya karɓa. Wajen kwatanta farashi, raba kuɗin kowane allo da shekarun da ake sa ran zai yi, sau da yawa mai tsadar ne ke fitowa da sauƙi.

Ƙarshen hunturu a wanke shi. A fara watsa ruwa ƙurar ta sauka, sannan a bi da tsumma mai laushi da ɗan sabulu. Goge busasshiyar ƙura da tsumma yana karce fuskar, fetur da tina kuma suna cinye ta. Bayan iskar farko ta damina a zagaya a girgiza kowace ƙafa, a duba noti, a sare reshen dogonyaro da ya sauko ya rufe allon.